Ƙasar da Bature Ya Nemi Sarki Ya Rasa

Ran 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Gwamna Lugga suka fasa ganuwar Kano. Ran 15 ga Maris aka gwabza a filin Giginya da ke bayan birnin Sakkwato. Kafin damina ta yi nisa Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi, alhali Bature ya riga ya ɗora waɗansu a gadon sarautar manyan biranen biyu. Jini ya zuba, ba kaɗan ba. Amma abin da ya biyo baya bai wahalar da Bature sosai ba, don ya tarar da fada, ya tarar da alƙali da hakimi da dagaci, ya kuma tarar da talakawan da suka san kuɗin ƙasa da jangali tun iyaye da kakanni. Da ya riƙe fada, sai ƙasa ta biyo.

Turawan da ke Kudu sun shiga ƙasar Ibo da irin wannan fata. Sun ga yadda kama Oba a 1897 ya miƙa musu ƙasar Bini, sai suka ɗauka Arochukwu ce fadar Ibo, mutanen Aro kuma su ne masu juya ƙasar. A Nuwamban 1901 suka fita da sojoji fiye da 1,500, cikinsu har da Hausawan da suka ɗauki bindigar Bature, da 'yan dako fiye da 2,000. Kafin ƙarshen Disamba Arochukwu ta faɗi, aka rusa wurin tsafinta. Sai dai ba abin da ya motsa a Awka ko Nsukka. Babu wanda ya aiko da caffa, domin babu mai ikon yin caffa a madadin wani. Kowane gari sai an je masa, kowane gari sai ya gwada ƙwanjinsa, wani ma ya sallama yau, sojoji na juya baya ya koma yadda yake. Haka aka yi ta fita sintiri har zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ana ƙona gidaje da rumbunan doya, ana tattara bindigogi ana kakkaryawa. A yammacin kogin Kwara, wajen Asaba, mayaƙan Ekumeku sun riƙa haɗuwa da dare bisa rantsuwar rufe baki, suka hana Kamfanin Neja da gwamnatin da ta gaje shi barci tun daga 1898 har yaƙin Ogwashi-Uku na 1909 zuwa 1910.

A nan Arewa mun saba jin ana cewa Ibo ba su da sarki. Su ma suna da wannan magana a harshensu. Bambancin shi ne mu mukan faɗe ta kamar wani naƙasu, kamar mutanen da aka yi rabon tsari ba su nan. Wannan fahimta ce ta ɓatar da Bature, kuma ita ce har yau take hana da yawa daga cikinmu gane maƙwabcin da muke ciniki da shi kullum a Sabon Gari. Mutanen nan suna da mulki mai ƙa'ida, mai hukunci, mai haƙori. Abin da suka ƙi shi ne su tara shi a hannun mutum ɗaya.

Abin da ƙasa ta ɓoye

A 1938 wani mutum mai suna Isaiah Anozie yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa a garin Igbo-Ukwu, cikin Jihar Anambra ta yau, sai ya ci karo da kayan tagulla. Bai san darajarsu ba, har da ɗaya daga cikin kwanukan ya riƙa shayar da awakinsa. Sai bayan shekara ashirin masanin tonon tarihi Thurstan Shaw ya zo ya haƙa wurin daga 1959 zuwa 1960, ya sake dawowa a 1964. An fito da tukunyar tagulla wadda aka zuba da ragar igiya ita ma ta tagulla kewaye da ita, da kwanukan da aka yi wa ado da siffar fara da ƙuda da ƙwaro, da duwatsun wuya fiye da 165,000, waɗansunsu masana na ganin daga nesa suka zo, har daga wajen Masar. A wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa an tarar da wani babban mutum an binne shi a zaune bisa kujera, da kambin jan ƙarfe, da haurun giwa a wajen ƙafafunsa. Gwajin kimiyya ya kai kayan ƙarni na 9 ko na 10 na Miladiyya, wato sun girmi tagullar Ife da ta Bini da duniya ta fi sani, sun kuma riga jirgin Bature na farko zuwa gaɓar tekun nan da ɗaruruwan shekaru.

Masana da dama suna danganta mutumin da aka binne da sarautar Nri, garin da ke kusa. Eze Nri sarki ne, amma ba irin wanda muka sani ba. Ba shi da runduna, ba shi da dogarai masu ɗaure mutum, zubar da jini ma haramun ne a ƙasarsa. Ƙarfinsa na tsarki ne. Mutanensa, masu zanen ichi a goshi, suna yawo gari gari da sandarsu ba mai taɓa su, ko da garuruwan na cikin yaƙi. Idan wani ya yi abin da ya ɓata ƙasa, kamar kisan ɗan'uwa ko satar doyar da aka shuka, su ake kira su tsarkake gari. Su ke naɗa masu muƙamin girma na ozo a wurare da yawa. Bawan da ya gudu ya taka ƙasar Nri ya tsira. A 1911 Turawa suka tilasta wa Eze Nri Obalike ya fito gaban taron jama'a ya janye wannan iko nasa a kan garuruwan da ke sauraronsa. Wato sarautar Ibo mafi tsufa, Bature mai neman sarakuna ne ya karya ta da hannunsa, don ikonta ba irin wanda zai iya aika wa takarda ba ne.

Akwai kuma garuruwa masu sarakuna na sosai, galibi a bakin Kwara da yammacinsa, inda tasirin Bini da Igala ya kai: Obin Anacha, Obin Aboh, sarakunan Agbor da Oguta. Su ma ba sa yanke magana sai da majalisar masu muƙami. Amma mafi yawan ƙasar Ibo, ɗaruruwan garuruwa ne masu cin gashin kansu.

Mulki a dandali

Tushen komai shi ne umunna, wato 'ya'yan kaka ɗaya ta wajen uba. Babbansu, okpara, shi ke riƙe da ofo, wani ɗan guntun reshen itace da ake gada, alamar gaskiya da ikon kakanni. Shi ke raba gona, shi ke sasanta rigimar gida, shi ke yin addu'a. Amma ba ya ba da umarni yadda hakimi ke bayarwa. In ya karkata, ƙannensa za su gaya masa a gaban idonsa.

Abin da ya shafi gari duka, dandali ake kai shi. A buga kuge ko gangar itace da dare, da safe maza su hallara ƙarƙashin manyan itatuwa, kowa da buzunsa na akuya ko 'yar kujerarsa. Ba a fara magana sai an fasa goro, kuma ba irin namu mai ɓari biyu ba, nasu mai ɓari uku, huɗu ko fiye. Sai an zagaya da shi an nuna wa kowane dangi bisa tsarin girma, dattijo ya yi addu'a a kansa, a fasa, a duba yawan ɓarinsa, sannan a ci. Daga nan duk baligin da ke da abin faɗa yana da bakin magana. Wanda ya iya zance, ya san karin magana, ya kuma tara doya da iyali da guminsa, shi ake fi saurara, ko da ubansa ba kowa ba ne. In an gaji da muhawara, sai wakilan dangogi su keɓe gefe su yi shawara, su dawo su faɗi abin da suka tsayar. Jama'a ta amsa da murya ɗaya, ya zama doka, a buga ofo a ƙasa. Jama'a ta yi gunaguni, a koma. Hanya ce mai cin lokaci, ba shakka. Amma dokar da aka yi ta haka ba ta bukatar ɗan doka, don kowa da bakinsa a ciki.

Zartarwa kuma aikin ƙungiyoyin tsara ne. Duk waɗanda aka haifa cikin 'yan shekaru kaɗan ana haɗa su ƙungiya ɗaya mai suna, su tashi tare su tsufa tare. Ƙanana su share hanya da dandali, majiya ƙarfi su yi gadi da yaƙi, su karɓo tara daga wanda ya ƙi biya, ko da ta kai su kama masa akuya. Wanda ya san gayya zai gane ruhin abin, sai dai wannan gayya ce ta dindindin mai ikon hukunci. A kan waɗannan akwai masu muƙamin ozo, masu jar hula da gashin gaggafa da zare a idon sawu. Ba a gadon ozo. Mutum da dukiyarsa yake nema, ya ciyar da gari, ya raba wa waɗanda suka riga shi, daga ranar kuma ƙarya ta haramta a bakinsa. Dubi hikimar: mai kuɗi ba ya samun girma sai ya zubar da kuɗin cikin jama'a. A yankin Nsukka har da yanka doki ake neman wasu muƙamai, dawakan kuwa ta hannun fataken Igala da Nufawa da Hausawa suke gangarowa, abin da ya sa garuruwa irin su Ibagwa suka san Musulmi tun da daɗewa.

Sama da kowa akwai Ala, ƙasa, wadda suke ɗauka uwa ce kuma mai tsaron ɗa'a, da mai kula da wurin bautarta. Akwai dodanni, waɗanda ake ɗauka kakanni ne suka fito daga ƙasa, su yanke shari'ar da ta gagari masu rai, ba kuma mai ɗaukaka ƙara. Mako kwana huɗu ne, Eke, Orie, Afo da Nkwo, kowace rana da kasuwarta, kasuwannin kuma su suka ɗinke garuruwan da ba su da sarki ɗaya, tare da auratayya da rantsuwar jini tsakanin 'yan kasuwa. Maƙeran Awka sun yi yawo da zuga-zuginsu har wajen ƙasar Ibo, ba su nemi iznin wata fada ba.

Sai mata, waɗanda Bature bai ma lissafa da su ba. Kowace mace tana cikin ƙungiya biyu: umuada, 'ya'ya matan dangi da suka yi aure a wasu garuruwa amma suke da murya mai nauyi a gidan ubansu, da ƙungiyar matan da aka auro cikin gari. Rigimar da ta gagari maza, in umuada suka dawo gida suka yanke, ta yanku. Kasuwa tasu ce, su ke sa mata doka. A Anacha da Asaba akwai Omu, shugabar mata, wadda ba matar sarki ba ce, kujerarta daban. Namijin da ya ci zalin matarsa, ko ya bar dabbobinsa suka cinye amfanin gonar mata, ko ya taka dokar kasuwa, akwai maganinsa. Mata za su taru a gidansa, su yi ta rawa da waƙoƙin tona asiri, suna dukan bangon ɗakinsa da taɓare, dare da rana, har sai ya fito ya ba da haƙuri. Sauran maza ba sa shiga, don sun san shi ya jawo.

Kada a ɗauka aljanna ce. Wannan tsari da ya ba kowane ɗa bakin magana ya rufe bakin wasu ruf. Akwai bayi. Akwai osu, mutanen da aka sadaukar ga abin bauta, ba a aurensu, ba a cin abinci da su, 'ya'yansu ma haka, kuma ko da yake majalisar Jihar Gabas ta soke abin da doka a 1956, tabonsa bai gama gogewa ba. A wurare da yawa ana jefar da tagwaye a dajin da ake tsoro. Ana binne manyan mutane da bayi. Mutanen Aro kuwa sun mai da tsafinsu, Ibini Ukpabi, babbar kotun ƙasa: a zo daga nesa neman gaskiya, wanda aka ce tsafi ya cinye shi sai a fitar da shi ta wata hanya a sayar. Da zangunansu da ke warwatse a ƙasar, da mayaƙan Abam da Ohafia da Edda da suke ɗauka, Aro suka zama dillalan cinikin da ya tura mutum fiye da miliyan ɗaya ta tashoshin Bonny da Kalaba zuwa ƙetaren teku, mafi yawansu Ibo. Rashin babbar daula ya hana a yi azzalumin sarki, amma ya bar ƙaramin gari ba mai kare shi ranar da maharan suka zo.

Hula da takarda

Bature ya ci ƙasa, sai kuma tambayar yadda zai riƙe ta da 'yan tsirarun ma'aikata. Duk garin da ya shiga, tambayarsa ɗaya: ina sarkinku? Jama'a su dubi juna. Wani wuri a nuna dattijo mai ofo. Wani wuri, saboda tsoron kada a tafi da dattijon a kashe, sai a tura wani da ba a damu da shi ba, wani lokaci ma bawa. Wani wuri kuma wani mai ƙarfin hali da ya taɓa zuwa bakin teku ya tsinci 'yan kalmomin Turanci shi zai yi wuf ya fito. Duk wanda aka samu, sai a ba shi takardar shaida da hula, a ce daga yau shi ne sarki, zai zauna a kotun gargajiya ya yi shari'a. Su ne sarakunan takarda.

Mutumin da jiya bai isa ya yi magana kafin yayyensa, yau yana ɗaure su. Dandali ba ya iya tsige shi, don ba dandali ya naɗa shi ba. Dokar hanyoyi ta 1903 ta ba shi ikon ɗibar mutane aikin tilas, irin abin da kakanninmu suka sani da ɗiban gwamna, sai ya zama wanda ya ba shi akuya ya huta, wanda suke da tsohuwar gaba ya tafi fasa dutse. Bayansa kuma akwai waɗanda suka fi shi cin moriya: akawun kotu mai riƙe da alƙalami, da tafinta wanda Di'o ba ya ji sai ta bakinsa, da masinjan kotu mai kaki wanda sammaci a hannunsa ya zama abin tatsar jama'a. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, Lugga ya kawo tsarin da ya gina a kan masarautunmu, ya janye Turawa daga shugabancin waɗannan kotuna don sarakuna su tsaya da ƙafarsu. Sakamakon shi ne akawu ya zama mai kotu. Riga ce aka ɗinka da awon Sarkin Kano, aka ce lalle sai ta zauna a jikin wanda ba a taɓa gwadawa ba.

Waɗansu cikinsu sun yi ƙarfin da ba a taɓa gani ba a ƙasar. Onyeama na Eke ya yi arziki da samar da lebura ga mahaƙar kwal ta Inugu, wadda aka fara haƙa a 1915 aka kuma haɗa da Fatakwal da layin dogo a 1916, ya riƙe yankinsa da tsoro har mutuwarsa a 1933. A Enugu-Ezike wata mace, Ahebi Ugbabe, wadda ta yi gudun hijira a ƙasar Igala ta koyo harsuna, ta dawo tare da Turawa ta sami takarda, daga baya ma Attan Igala ya naɗa ta sarki. Ba duka ne azzalumai ba, akwai waɗanda suka kawo makaranta da hanya garuruwansu. Amma tushen ya ruɓe, kuma marubutan Ibo ba su daina komawa kansa ba: Pita Nwana a littafin Omenuko na 1933, Chinua Achebe a Arrow of God na 1964, da masanin tarihi Adiele Afigbo da ya yi wa tsarin bincike mai zurfi a 1972.

A gefe guda mishan na aikinsu. Samuel Ajayi Crowther da J. C. Taylor sun kafa tasha a Anacha a 1857, 'yan Katolika suka iso a 1885. Waɗanda suka fara amsa kira su ne waɗanda tsohon tsari ya wulaƙanta: bayi, osu, iyayen tagwaye. Da jama'a suka ga ɗan da ya yi boko shi ke zama akawu, sai garuruwa suka shiga tseren gina makaranta, kowane gari na gudun kada maƙwabcinsa ya riga shi.

Matan Oloko

Tsarin Lugga ba ya tafiya sai da baitulmali, baitulmali kuma sai da haraji. Mafi yawan Ibo ba su taɓa biyan kuɗin ƙasa ga kowa ba, kuma a al'adarsu ƙirga mutane abin ƙi ne, dabba da bawa ake ƙirgawa. Duk da haka aka ƙirga maza ba tare da an fito fili an gaya musu dalili ba, a 1928 aka fara karɓa. Shekara na zagayowa kasuwar duniya ta faɗi, farashin manja da ƙwarar kwakwa ya zube, alhali da su mata ke riƙe gida, da su ma suke taimaka wa mazansu biyan harajin.

Ana cikin haka wani mai riƙon muƙamin Di'o a Bende, Kyaftin Cook, ya ce a sake ƙidaya, a haɗa da mata da yara da dabbobi. Mata suka ce an zo wurin. Sun ga yadda aka yi wa maza: ƙidaya, sannan haraji. Suka yi ta shawara a kasuwanni, suka tsayar cewa kowa ta yi shiru har sai an taɓa ɗaya daga cikinsu. Cikin Nuwamban 1929, sarkin takarda na Oloko, Okugo, ya aiki wani malamin makaranta, Mark Emeruwa, ya yi ƙidayar. Ya shiga wani gida ya tarar da wata mata, Nwanyeruwa, tana matsar manja. Ya ce ta ƙirga masa awakinta da tumakinta da mutanen gidanta. Ta tambaye shi ko an ƙirga uwarsa. Magana ta yi zafi, suka shaƙi juna, ta fita da gudu ta iske mata suna taro.

Daga nan aka aika da ɗanyen ganyen kwakwa gari gari. Duk wadda ta karɓa ta san ma'anarsa, ta kuma miƙa wa ta gaba. Dubban mata suka cika Oloko, suka yi wa gidan Okugo irin zaman da suka saba yi wa mai laifi, suka wuce ofishin Di'o. Uku daga cikinsu, Ikonnia da Nwannedia da Nwugo, su suka riƙa magana da yawun sauran suna kuma hana ɓarna. Ba su tashi ba sai da aka ba su takarda cewa ba za a sa wa mata haraji ba, aka miƙa musu hular Okugo, aka yi masa shari'a aka ɗaure shi shekara biyu.

Labari ya bazu: mata sun cire hular sarki. Cikin Disamba abin ya mamaye lardunan Owerri da Kalaba, matan Ibibio da Andoni da Ogoni da Opobo suka shigo. Suna fitowa fuska shafe da gawayi ko farar ƙasa, kai ɗaure da ganye, hannu riƙe da sanduna, suna neman hulunan sarakunan takarda, suna rusa kotuna, suna buɗe gidajen yari. A Aba, bayan motar wani likita Bature ta banke mata biyu, suka far wa kantunan Turawa da banki. Gwamnati ta turo soja da 'yan sanda. Aka buɗe wuta a Abak da Utu Etim Ekpo, sannan ran 16 ga Disamba a Opobo, inda aka harbe mata a gaban ofishin gwamnati, waɗansu suka faɗa kogi suka nutse. Mata fiye da 50 suka mutu. Ba a kashe Bature ko ɗaya ba. Aka bi garuruwa da tarar gayya da ƙone-ƙone.

Turawa sun rubuta abin a matsayin tarzomar Aba, suka yi ta neman mazan da suka zuga matan, don hankalinsu bai ɗauki cewa mata za su iya haɗa wannan da kansu ba. Ibo kuwa Yaƙin Mata suke kiransa, kuma su suka fi gaskiya. Babu wani sabon abu da matan suka ƙirƙiro. Tarukan kasuwa, zumuncin umuada da ya ratsa garuruwa, zaman gidan mai laifi, duk kayan aikin tsohon mulki ne da Bature ya shekara talatin yana takawa bai gani ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji Bahaushe, ko da yake a Opobo yawan ya biya da rayuka.

Bayan ƙura ta lafa

Hukumar binciken da aka kafa a 1930 ƙarƙashin Babban Joji Donald Kingdon, mai 'yan Nijeriya biyu a ciki, Kitoyi Ajasa da Eric Moore, ta saurari ɗaruruwan shaidu, cikinsu har da matan da suka tsaya suka lissafa laifuffukan sarakunan takarda ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin gwamnati ta yi abin da ya kamata ta fara da shi: ta baza ma'aikata da masana, irin su C. K. Meek wanda ya riga ya yi aiki a Arewa, su binciko yadda mutanen nan ke mulkin kansu. Gwamna Donald Cameron ya yi gyara a 1933, aka maye gurbin sarakunan takarda da majalisun dattawa. Matan da suka jawo gyaran kuwa kaɗan ne suka sami kujera, kuma sabon tsari ya haramta irin hukuncin da suke yi da hannunsu. Sun ci yaƙin, amma ikonsu na dā bai dawo ba.

Dandali bai mutu ba, ƙaura ya yi. Da layin dogo ya haɗa Gabas da Arewa, musamman bayan gama gadar Makurɗi a 1932, matasan Ibo suka bazu Jos da Kaduna da Zariya da Kano, duk inda suka sauka kuma sai sun kafa ƙungiyar 'yan garinsu, da taron wata-wata, da tara ga wanda ya makara, da asusun tura yaro karatu ko mai da gawa gida. Waɗannan ƙungiyoyi ne suka gina makarantu da asibitoci a garuruwansu, su ne kuma suka dunƙule suka zama ƙungiyar Ibo ta ƙasa a 1948, wadda Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru mai jin Hausa, ya shugabanta. A Inugu, birnin kwal inda 'yan sanda suka harbe lebura 21 a Iva Valley ran 18 ga Nuwamban 1949, masu zaɓe sun ɗora Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin na farko a shekarun 1950.

Sarauta kuwa ta dawo ta wata ƙofa. Da aka ga Arewa da Yamma suna da majalisun sarakuna, Gabas ma ta kafa tata dab da samun 'yancin kai. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, gwamnatocin soja a jihohin Anambra da Imo suka ba garuruwa damar fitar da sarakunan da gwamnati za ta ba sanda, aka sami ɗaruruwan masu laƙabin Eze da Igwe, waɗansunsu jikokin sarakunan takarda ne, kuma a garuruwa da dama har yau sai sun raba iko da shugaban ƙungiyar gari wanda ake zaɓa. Ibo mazauna Kano da Legas da sauran birane su ma sun riƙa naɗa nasu Eze, abin da sarakunan gida suka daɗe suna ƙorafi a kansa, suna cewa ba a sarauta a ƙasar da ba taka ba.